Shafin da Na Tsallake

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan rana ta same ki cikin ni'ima, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Na san babu mai kai miki wannan wasiƙa. Shekara huɗu ke nan da aka ɗauke ki daga tsakar gidanmu na Gwammaja. Amma na saba, idan magana ta tsaya mini a wuya ke nake nema. Zan sa ta a zauren waya da muke karatun littattafai ni da ƙawayena, don na san akwai masu hali irin nawa a cikinsu, sai dai da ke nake magana.

Bari na fara da ranar Talatar da ta raba rayuwata gida biyu.

Cikin watannin nan ne da Guangzhou ta ƙasar Sin take jiƙewa har bango ya dinga gumi, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Ina zaune a kan gado a ɗakinmu na hawa na shida a unguwar Sanyuanli, na ɗora shinkafa a tukunyar lantarki, ina riƙe da wani littafi da wata 'yar kasuwa ta taho mini da shi daga Kano a ƙasan akwatinta. Na kai wurin da saurayin ya tsaya a ƙofar gidan su yarinyar yana shawarar ya yi sallama ko ya juya, sai wayata ta yi ƙara. Umma, sai da na ƙarasa sakin layin kafin na ɗauka. Na san wannan ɗan jinkirin bai canza komai ba, amma har yau idan na tuna sai na ji kunyar kaina.

Alhaji Zakari ne, mutumin Kumasi, aminin surukinki, wanda yake aika kayansa ta kamfanin da mijina Muntari yake aiki. Abin da ya ce kawai shi ne, "Amarya, sa hijabinki, ga tasi nan na turo miki." Shekara biyu da aurena a lokacin, bai daina ce mini Amarya ba.

A rumbun kayan kamfanin da ke kusa da filin jirgin Baiyun abin ya faru. Muntari ya sunkuya yana duba lambar wasu kwalaye da za su tafi Kano, sai igiyar ƙarfen da aka ɗaure su da ita ta tsinke, ta make shi a fuska. Idon dama ya tafi a ranar. Na hagu likitoci sun yi ta fama da shi, aiki bayan aiki, har ya tsaya a inda yake yanzu: yana gane haske da duhu, yana gane mutum ya gifta, amma ba ya gane fuska, ba ya ganin rubutu.

Ba ki ga aurenmu ba, amma kin san shi. Kin tuna lokacin da yake zuwa zance, kina zaune a bayan labule kina ɗinkin hula, kina yi kamar ba kya ji? Bayan ya tafi kika ce mini, "Yaron nan yana saurare kafin ya yi magana. Ki kiyaye abin da za ki zuba masa a kunne." Dariya na yi a lokacin. Ban san wata rana kunnen ne zai zame masa komai ba.

A asibiti na zama mai karanta masa. Da, tsokanata yake yi a kan littattafaina. Malama yake ce mini, idan ya dawo daga aiki ya tarar da ni kwance da littafi ya ce, "Malama, yau wa aka yaudara?" Amma da aka naɗe masa fuska, yini ya yi masa tsawo, sai wata rana ya ce na ɗauko ɗaya na karanta masa, ko wanne ne. Na karanta. Muka gama wannan muka shiga wani.

A nan na fara abin da ya kawo wannan wasiƙa. Idan na hango wani zai mutu a labarin, sai na kauce. Idan an kori wani daga aiki, sai na mayar da shi hutu ya ɗauka. Akwai littafin da mijin ya yi hatsarin mota ya nakasa, ni kuwa na tashe shi cikin sati biyu na mayar da shi ofis da sabuwar mota. Na iya, Umma. Muryata ba ta rawa. Wata rana da muka gama littafi na biyar sai ya ce, "Malama, marubutan nan naku tsoron likkafani suke yi ne? Littafi biyar ko zazzaɓi ba wanda ya yi." Muka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Na ɗauka wasa ne ya wuce.

A cikin sati na uku aka kawo takardun. Wata mata ce daga ofishin ma'aikata na kamfanin, 'yar siririya mai tabarau, ta zo da su a jaka. Ta yi bayani da Turanci a hankali cewa hanya biyu ce. Ta farko inshorar gwamnatin nan ce ta waɗanda suka ji rauni a wurin aiki, wadda ake biya wa kowane ma'aikaci mai takardar izini, baƙo ko ɗan ƙasa. Ta ce wannan za ta ɗauki lokaci, sai likitocin gwamnati sun auna girman nakasar. Ta biyu asusun fansho ne na kamfanin kansa, wanda yake biyan ma'aikacin da ya nakasa wani kaso na albashinsa duk wata. Wannan ta ce za a fara nan take, da zarar ya sa hannu. Ta bar mini takardun ta ce na karanta masa, gobe za ta dawo.

Shafi goma sha ɗaya ne, da ƙananan rubutu. Na karanta masa na farko da na biyu ina fassarawa. Daga nan idona ya fara gudu yana neman inda aka faɗi abin da za a biya, kamar yadda nake tsallake bayanin gari da na kasuwa a littafi don na kai wurin da masoya suka haɗu. A shafi na bakwai na ga kan magana a kan wasu kuɗaɗe da mutum zai iya samu daga gwamnati. Na karanta layin farko na wuce.

Ba zan ce miki tausayi ne ya sa ba. Gajiya ce, da hali, da kuma wani abu da na taso da shi. Na tuna Baba da jakarsa ta takardu, yadda ya yi ta zarya a kan haƙƙinsa na ritaya, kina wanke masa farar riga duk ranar da zai je, har ya rasu bai ga ƙarshen maganar ba. A raina na ce, ɗan ƙasa ma ke nan a ƙasarsa, balle baƙo baƙar fata a ƙasar wasu. Ni a wurina kuɗin gwamnati labari ne, ya fi na littattafaina zama ƙirƙira. Don haka shafin da yake magana a kansa ban ga dalilin ɓata yawuna ba.

Washegari da matar ta dawo ta tambaye shi ko ya fahimci komai. Ya juyo da naɗaɗɗiyar fuskarsa wajena ya ce da Hausa, "Idan kin karanta, na karanta." Na kama hannunsa na ɗora a kan layin ya sa hannu. Ni ma na sa a ƙasa, a matsayin wadda ta karanta masa.

Asusun kamfani ya cika alkawari. Duk wata kuɗin yana shigowa. Bai kai albashi ba, amma ya riƙe haya da abinci da magani. Muka zauna a haka wata da watanni. Muntari ya koyi ɗakin da ƙafa: taku shida daga gado zuwa ƙofa, uku zuwa banɗaki. Ya koyi sa wayarsa ta dinga yi masa magana. Amma ya yi shiru, Umma, irin shirun da ban san shi da shi ba. Mutumin da yake ciniki da Sinanci har 'yan kasuwar nan su tafa masa, ya koma yana zama a bakin taga yana sauraren ƙarar keken dako a ƙasa.

Sai ga kuɗin gwamnati ya zo. Ba na wata ɗaya ba, na duk watannin da suka wuce tun daga ranar da aka ƙayyade, a dunƙule. Na karanta saƙon sau uku kafin na faɗa masa. Ya sauka daga kan kujera ya lalubi alƙibla ya yi sujada. Ni kuma ina tsaye ina kuka ina tunanin ashe littattafaina ba ƙarya suke yi ba, ashe akwai ranar da arziki yake faɗowa daga sama a babi na ƙarshe. Ya tambaye ni, "Wannan daban, na kamfani daban?" Na ce daban. Da bakina na faɗa, ba tare da na koma na duba ba.

Ranar Juma'a na soya waina da miyar taushe irin wadda kika koya mini, da kabewar nan tasu mai zaƙi, Alhaji Zakari ya kai wa mutanenmu bayan an sauko daga masallaci. Muntari ya aika wa mahaifiyarsa nata. Ni kuma ya ce sai ya ba ni goron albishir. Ya san laimar garin nan tana kumbura mini littattafai har shafuka su manne, sai ya sa aka kawo mini wata 'yar durowa mai ƙofar gilashi da roba a gefe, wadda iska ba ta shiga. Da hannunsa ya jera su a ciki, yana shafa bangon kowanne yana tambayata, "Wannan ne na wanda ya warke cikin sati biyu?"

Ragowar, wanda shi ne mafi yawa, ya zuba shi a abin da ya dawo mini da mijina. Alhaji Zakari yana da ɗan ofis a wani bene na 'yan tufafi a nan Sanyuanli. Suka yi magana Muntari ya kama rabinsa, ya biya hayar shekara, ya sa tebur da kujera, ya zama ejan na masu sayen wandon jins daga gida. Sinancinsa yana nan, kunnensa yana nan, ya kuma gano yatsunsa sun san yadi. Suna zuwa Xintang, garin da ake ɗinka jins ɗin, ya shiga shago ya murza ƙyalle tsakanin yatsu ya faɗi nauyinsa kafin mai shagon ya buɗe baki. Alhaji ya ba ni labarin wani mai shago da ya ce musu "meyo", wato babu irin wanda suke nema, Muntari ya kai hannu kan wani ƙunshi a gefe ya ce da Sinanci, to wannan da ke ƙarƙashin gwiwar hannunka fa, lawban, wato maigida? Mutumin ya yi dariya ya kawo musu shayi. Ranar da ya dawo yana ba ni labarin da kansa, ya ci abinci faranti biyu.

Yau kwana tara da zuwan wata wasiƙa.

Daga masu kula da asusun fanshon take. Sun ce sun sami labarin gwamnati ta fara biya, suna taya mu murna. Sun ce daga wata mai zuwa za su rage abin da suke ba mu daidai da abin da gwamnati take bayarwa. Sun ce kuma kuɗin da ya zo a dunƙule, na watannin da su suka riga suka biya cikakke, nasu ne, a mayar musu. Suka liƙa hoton shafi na bakwai a baya, an ja layi a ƙarƙashin sakin layi na biyu.

Na sa hijabi na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na tafi ofishin, na ce wa Muntari kasuwar kayan miya zan je. Na tarar da matar nan mai tabarau. Na tafi da faɗa a bakina, na shirya maganganu irin na jaruman littafi a gaban azzalumai. Ba ta ba ni damar yinsu ba, don ba azzaluma ba ce. Ta zaunar da ni, ta ɗauko ɗan kofin shayi da buta biyu. Ta zuba daga ta farko har rabi, ta ce wannan gwamnati. Ta cika daga ta biyu, ta ce wannan asusun kamfani. Ta ce alkawarin da aka yi wa mijinki shi ne kofin zai cika, ba a ce za a ba shi kofi biyu ba. Lokacin da butar gwamnati ba ta iso ba, mu muka cika shi gaba ɗaya don kada ku zauna da ƙishirwa, bisa sharaɗin idan ta iso za a mayar mana da abin da muka ara muku. Ta miƙo mini kofin ta ce na sha.

Na tuna mai ga-ruwan unguwarmu. Idan an yi ruwan sama randarki ta kai rabi, rabi yake zuba miki, kuɗin rabi kike ba shi, ba wanda ya taɓa cewa ya yi zalunci. Na gane maganar sarai, Umma. Da na karanta ta a asibiti ma da na gane ta. Ba ta da wuya. Layi shida ce.

Ta ce ba dole sai a dunƙule za a mayar ba. Ana iya rubuta roƙo a dinga cirewa kaɗan-kaɗan daga abin da ya rage suna biya, sai dai watannin za su yi tsawo, hannu kuma zai matse sosai. Ko kuma a janye daga hayar ofis a karɓo abin da za a iya karɓowa a biya a huta. Ta ce ko wanne aka zaɓa, shi ne zai sa hannu. Sannan ta buɗe fayil ta nuna mini sa hannuna a ƙarƙashin nasa. Ta rufe.

Daga can gidan Alhaji Zakari na wuce, wurin matarsa Anti Memuna. Ita ce uwata a garin nan, ita ta kwana da ni a asibiti satin farko. Ta saurare ni har na gama, ta goge mini fuska da gefen mayafinta, sannan ta kawo shawara da Hausarsu ta Zongo. Ta ce, "Ƙanwata, mutum bai gani, yanzu ne ya fara dariya, don me za a ɗora masa wannan?" Ta ce za ta sa ni a adashinsu ta ba ni ɗaukar farko, ta ƙara mini da nata, na fara sayar da mayafai ta waya ina biya a hankali. Takarda kuwa, na ce masa ta sabunta rajista ce, na ɗora hannunsa ya sa. Ta ce ai ko da wayarsa tana magana, saƙon banki ni nake duba masa. Ta ce ko Alhaji ba zai ji ba. Don Allah kada ki ga laifinta. Ƙauna ce ta sa ta faɗa, kuma ni ma abin da nake so na ji ke nan.

Na dawo gida na ninke wasiƙar na sa ta a tsakiyar wani littafi, na mayar cikin durowar da ya saya mini, na rufe gilashin.

Da yamma ya tambaye ni, "Na ji an ƙwanƙwasa jiya, ambulan ce aka kawo?" Na ce talla ce ta masu sayar da inshora. Ya ce, "To." Bayan ta kasuwar kayan miya, wannan ce ƙarya ta biyu da na yi masa wadda ba a cikin littafi take ba. Ta fito mini da sauƙi, shi ne abin da ya ba ni tsoro.

Kwanakin nan tara na yi su kamar mai ɗauke da ƙwarya cike a ka. Ina dafa abinci, ina raka shi bakin titi inda Alhaji yake ɗaukarsa, ina dariya a inda ya kamata. Bayan la'asar idan ya dawo ina yi masa karatu kamar kullum. Shekaranjiya muna cikin wani labari na hango uban yarinyar zai yi asara, hannuna ya yi abin da ya saba. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Malama, shafi biyu kika juya. Na ji ƙarar takardar." Na ce mannewa suka yi saboda laima. Ya ce, "A durowar da iska ba ta shiga?" Ya yi murmushi, ya ce na ci gaba. Ashe tun a asibiti yana ji. Ya bar ni ne kawai, don ya ga ni nake bukatar labarin ya yi daɗi.

Tun daga lokacin Iya Talatu take zuwa mini a rai.

Kin tuna ta, maƙwabciyarmu mai ƙosai. Ina aji biyar a firamare ta kawo wasiƙar ɗanta da ke Fatakwal ta ce na karanta mata. Ya rubuta cewa aiki ya tsaya, ba zai samu zuwa sallah ba, ta yi haƙuri. Na dubi fuskarta na ga yadda take jira, sai na ce ya ce yana nan tafe ranar jajibere. Ta ba ni ƙosai biyar. Ta share ɗakinsa, ta yanka zakaranta guda ɗaya, ta zauna a zaure tun azahar har aka yi kiran magariba.

Da kika gano, ba ki dake ni ba. Kika kama hannuna da wasiƙar muka shiga gidanta, kika zaunar da ni a gabanta kika ce na sake karantawa, tun daga sallama har sa hannu. Ina kuka ina karantawa. Iya Talatu ta ce ki bar yarinya, ai alheri ta yi nufi. Kika ce, "Ta ci miki zakara da alherinta." A hanyar komawa gida kika faɗa mini maganar da na ɗauka na manta. Kika ce, "Wanda ya ba ki takarda ki karanta masa, idonsa ya ara miki. Ba ki da ikon zaɓar masa abin da zai gani."

Jiya Muntari ya dawo da wani allo a hammata, naɗe a jarida. Allon ofis ne da ya sa aka buga, da sunansa da Turanci da Sinanci. Ya ɗora a cinyarsa yana bin haruffan da yatsa. Ya ce na karanta masa, kada su rubuta masa shirme ya rataye yana alfahari. Na karanta, daidai yake. Sai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba tun ranar Talatar nan. Ya ce rashin ganin ba shi ne ya fi yi masa ciwo ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ya shiga wuri yana tsaye, mutane su dinga tambayar Alhaji Zakari me yake so, nawa zai biya, ko ya gaji, kamar kwali aka shigo da shi. Ya ce, "Har Alhaji wani lokaci yana yanke mini abu don ya sauƙaƙa mini. Ke kaɗai ce ba kya yi mini haka a abin da ya shafi rayuwata. Littafi dai na bar miki."

Na tashi na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji numfashina. Ina jin ya ji.

Umma, ina tsoro. Ina tsoron ya ajiye allon nan kafin ya rataya shi. Ina tsoron ya koma bakin taga. Fiye da duka ina tsoron lokacin da zan kai ƙarshen shafi na bakwai ya tambaye ni ko wannan yana cikin takardun asibiti, na ce yana ciki, ya tuna abin da ya faɗa kafin ya sa hannu. Ban san yadda fuskarsa za ta yi ba. A littattafaina na san abin da miji yake cewa a irin wannan wuri, amma Muntari ba a littafi yake ba, kuma na gaji da rubuta masa nasa layin.

Na yi ta juya shawarar Anti Memuna. Za ta iya yiwuwa. Shekara ɗaya ko biyu na gama biya, bai sani ba, ofishinsa yana nan. Amma duk wata zan karanta masa saƙon banki na faɗi abin da ba shi ne a rubuce ba. Zan kama hannunsa na ɗora a kan takardar da na canza wa suna. Zai zauna a teburinsa yana jin shi ne mai yanke shawarar gidansa, alhali ni da wata mun yanke a bayansa. Wataƙila idan ya ji gaskiya ya ce a saki ofis. Wataƙila ya ce a riƙe, mu ci shinkafa da mai har a gama. Wataƙila yana da wata dabarar da ni ban hango ba, don shi ya san kasuwa, ni labari na sani. Ko wanne ne, nasa ne. Idonsa ne ya tafi, kuɗin idonsa ne, kuma sunansa ne a kan allon.

Ga 'yan'uwana da za su karanta wannan, abu ɗaya kawai zan ce. Idan ana biyan naku daga asusun wurin aiki saboda rauni ko ciwo, sannan wani kuɗi ya zo daga gwamnati, kada ku taɓa shi sai kun koma kun karanta takardar farko, kun kuma tambaya ko ɗaya yana rage ɗaya. Ni waina na soya.

Na kira Anti Memuna ɗazu na yi mata godiya na ce ta bar maganar adashi. Ta ce za ta sa Alhaji ya dawo da shi da wuri yau, ta kuma ce idan na ga abin ya yi nauyi na buga mata, ko ba zan yi magana ba.

Allah Ya jiƙanki, Umma. Ya gafarta miki, Ya haɗa ki da Baba a inuwar da ba zarya ba jira. Ya saka miki da alheri a kan ranar da kika ja hannuna zuwa gidan Iya Talatu, ita ma Ya jiƙanta. Ya ba surukinki haƙuri da abin da zai ji, Ya bar masa hasken da ya rage a idonsa na hagu, Ya sa albarka a yatsunsa. Ni kuma Ya daidaita mini harshe. Amin.

Na ciro wasiƙar daga cikin littafin, tana kan tebur kusa da allonsa. Idan ya dawo ya yi la'asar ya ci abinci, zan zauna a gabansa na karanta masa ita, da shafi na bakwai, tun daga layin farko har na ƙarshe, sannan na faɗa masa ni na tsallake shi.

'Yarki mai kewarki,
Hafsatu
Sanyuanli, Guangzhou